Wai jibi dusar ƙanƙara za ta rufe garin da autana yake

TALATA

Maman Bashir:
Assalamu alaikum Damagarawa, ina kwananku, ya sanyi? Don Allah waɗanda suka zauna ƙasashen Turawa ku taimake ni da bayani. Autana ya tafi karatu Monreyal ta Kanada tun watan Agusta, wannan ne sanyinsa na fari a can. Daren jiya ya turo mani hoton wata sanarwa da Faransanci, wai jibi Alhamis dusar ƙanƙara za ta zuba santimita 25 zuwa 40, in ta ɗauke kuma sanyi zai kai digiri 25 ƙasa da sifili. Shi dariya ma yake, wai zai yi hoto a ciki ya turo mani. Ni ko runtsawa ban yi ba. Yaron da a nan Birni in hunturu ya kama sai an yi faɗa kafin ya yi wankan safe. Abin nan da suke faɗa tun bai zo ba, gaskiya ne ko tsoratarwa? Kuma me zan ce masa ya yi?

Sani Kabu-kabu:
Hajiya ku ce ya tara mana a buhu ya ajiye. Afrilu na nan tafe, lokacin da ƙanƙarar dala ashirin ke komawa dala arba'in a bakin Kasuwar Dole. Arziki na zubo masu daga sama suna kuka.

Hadiza Sabon Gari:
Kai Sani, uwa na cikin damuwa kai kana lissafin riba.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. Hajiya ku kwantar da hankalinku, ku bi shi da addu'a. Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya daban ne. An wayi gari mutum zai zauna gaban kwamfuta ya ce jibi abu kaza zai sauko daga sama, har da awonsa, mu kuma mu gaskata. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, saukar da ruwa na Allah ne. Ina bambancin wannan da mai bugun ƙasa?

Mushe Habu:
Allah ya ƙara sani, Malam. Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a koleji, kuma babu shekarar da wani ɗalibi bai yi mani wannan tambaya ba. In kuka fito bayan la'asar a watan Agusta kuka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, kuka ce wa yara su kwashe shanya, duba kuka yi? Hadari kuka gani. To su ma hadari suke gani, idonsu ne ya fi namu nisa. Guguwar da ake cewa za ta kai Monreyal jibi, yau ɗin nan ta riga ta haɗu, tana can cikin ƙasar Amurka tana tafiya, tauraron ɗan'adam na ɗaukar hotonta duk bayan ƴan mintoci. Kamar mutum ne ya ga mota ta tashi daga Maradi, ya kira ku ya ce nan da awa huɗu ku je tasha. Tana iya lalacewa a Tasawa, amma mutumin bai yi maku ƙarya ba, bai kuma ce ya san gaibu ba.

Kuma awo ake yi, ba zane a yashi ba. Kullum sau biyu, wajen ƙarfe ɗaya na rana da ɗaya na dare agogonmu, ɗaruruwan tashoshi a duniya na sakin balan-balan ɗauke da ma'auni. Tana hawa kusan kilomita 30 kafin ta fashe, tana aiko da zafi da laima da ƙarfin iska a kowane hawa. Jiragen sama da na ruwa su ma suna aikowa. Shi ake zuba wa kwamfuta ta yi lissafin inda iska za ta dosa.

Sani Kabu-kabu:
Mushe, da girmanku, amma ni na daina yarda. Da damina wayata ta ce mani ruwa kashi 80, na ajiye babur na ƙi fita, ranar ko yayyafi ba a yi ba a Zango. Na yi asarar yini guda. Da yamma wani ya zo daga Miriya jiƙe sharkaf.

Mushe Habu:
Ai ka ba kanka amsa, ɗana. An yi ruwan, a Miriya aka yi, kilomita 18 daga ƙofar gidanka. Hadarin damina sau da yawa ɗan ƙarami ne, ya haɗu cikin awa ɗaya ko biyu, ya jiƙa wannan gona ya tsallake ta maƙwabci. Faɗin inda zai sauka daidai yana da wuya ƙwarai, balle a nan Sahel inda tashoshin awo ba su da yawa. Guguwar sanyi ta can kuwa faɗinta na wuce kilomita 1000, ta fi daga nan zuwa Yamai, kuma kwanaki take yi tana tafiya. Abu mai wannan girma ba ya ɓuya.

Lawali Monreyal:
Salamu alaikum. Yanzu na tashi, nan ƙarfe shida na safe, ku kuna sha biyun rana. Inna, shekarata 11 a garin nan, tuƙi nake yi, saboda haka sanarwar yanayi ita ce abin da nake fara dubawa bayan sallar asuba. Ku yarda da ita. Takan yi kuskure a yawan da za ta zuba, amma a ce guguwa irin wannan na zuwa nan da kwana biyu ta ƙi zuwa sam, da wuya.

Ku kwantar da hankali, garin ya saba. Jirgin ƙasansu na cikin gari da suke kira metro duk a ƙarƙashin ƙasa yake, ƙanƙara ba ta taɓa shi. Motocin kwasa tun tana zuba suke fitowa. Doka ce ma a Kebek, jihar da Monreyal take ciki, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole mota ta sa tayoyin sanyi. A ƙarshen Disamban 2012 santimita 45 ta zuba a yini ɗaya, amma gari bai watse ba.

Abin da nake so ku gaya masa shi ne, ranar ƙanƙara ba ita ce ranar tsoro ba. Lokacin da take zuba sanyin da sauƙi, 5 ko 8 ƙasa da sifili. Washegari ce matsala. Rana za ta fito fes, sama garau, baƙo ya leƙa taga ya ce ai an gama, ya fita da ƙaramar riga. Ni haka ta faru da ni shekarata ta fari. Na tsaya jiran bas minti 20 babu hula, da na shiga ɗaki kunnuwana suka yi fari fat ba na jin su, daga baya suka kumbura suka saɓule. Har yau in sanyi ya yi su ke fara gaya mani.

Maman Bashir:
Innalillahi. Allah ya saka da alheri, ɗana. Amma me ya sa suka ce 25 zuwa 40? In sun sani ai su faɗi ɗaya.

Malam Isufu:
Yawwa Hajiya, kun taɓo inda nake. In ilimi ne me ya kawo kame-kame?

Mushe Habu:
Malam, wannan da kuke kira kame-kame shi ne gaskiyar da ke cikin aikin. Mai bugun ƙasa ne ba ya cewa "wataƙila". Tun 1963 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon yau yana girma kullum, har nan da mako biyu lissafin ya watse. Shi ya sa cibiyar hasashe ta Turai da ke Ingila ba sau ɗaya take lissafi ba. Sau 51 take yi, kowane da ɗan sauyi kaɗan a awon farko. In kusan duka suka nuna abu guda, sai su yi magana da ƙarfi. In suka rarrabu, sai su buɗe tazara. Duk wanda ya ce maku ya san santimita nawa za ta zuba nan da kwana goma, ku bar shi da Sani su yi hira.

Abu biyu ke sa tazarar. Na ɗaya hanya. In tsakiyar guguwar ta karkata da kilomita 80 ko 100 kawai, garin da aka sa wa 40 sai ya samu 15, na gaba da shi ya kwashi sauran. Na biyu, dusar kanta ba nauyinta ɗaya ba. A ƙa'ida ruwan milimita 10 yana ba da dusa santimita 10. In sanyi ya yi tsanani takan yi sakayau kamar audugar rimi, ruwan nan ɗaya ya ba da santimita 15 ko 20. In kuma ana dab da sifili sai ta yi nauyi ta danƙare. Wato Hajiya, santimita 40 ɗin da ta hana ku barci, in aka narkar da ita ba ta wuce ruwa ɗaya mai kyau na watan Agusta ba. Sai dai namu ya gangara tafki, nasu ya kwanta a ƙofar gida har bazara.

Lawali Monreyal:
Haka ne Mushe. Mu nan abin da muka fi tsoro ma ba dusa ba ce, ruwan da ke sauka a matsayin ruwa ya daskare a kan duk abin da ya taɓa. Yakan faru in iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi. A Janairun 1998 ya yi kwanaki yana zuba, nauyin ƙanƙara ya karya manyan turakun lantarki, miliyoyin mutane suka rasa kuran, wasu har wajen wata guda. Ban zo ba lokacin, amma tsofaffin unguwarmu har yau da shi suke kwatance, kamar yadda namu ke kwatance da yunwar 1984.

LARABA

Alhaji Mamman Tanut:
Jiya na karanta duka ban ce komai ba. Maganar yaron nan Lawali ta cewa sanyi sai bayan gari ya washe, ni ban je Kanada ba amma na san ta. Shekara 20 ina bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. Daren da ƙura ta rufe sama ana iya barci. Daren da taurari suka fito tar, iska ta kwanta, shi ne daren da ake kwana zaune a bakin wuta. Na sha tashi da asuba in tarar ruwan da muka bari a kwano ya yi ɓawo a sama. Mutanen Abzin da ke kan duwatsun Bagzan su wannan ba labari ba ne a wurinsu.

Mushe Habu:
Alhaji kun gama darasin. Gajimare ko hazo bargo ne, yana tare zafin da ƙasa ke saki da dare. In an yaye shi, iska kuma busasshiya, zafin sai ya tsere sama. A can abu uku ke haɗuwa. Guguwar in ta wuce, iska na juyowa ta baya daga arewa maso yamma, tana janyo sanyin can ƙuryar arewa. Sama ta washe. Sannan sabuwar dusa fara ce sol, tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken rana, ƙasa ba ta samun abin da za ta ɗumama da shi. Rana na haske amma kamar fitila ce, babu zafi.

Hausa ma ta raba su, yaran yanzu ne suka haɗe. Sanyi daban, ɗari daban. Na damina mai laima shi ne sanyi. Busasshen nan mai fasa leɓe da diddige shi ne ɗari. Abin da zai sami Bashir ranar Juma'a ɗari ne, uban namu.

Sani Kabu-kabu:
To ni da ke kan babur ƙarfe shida na safe a hanyar Tanut, wa ya kai ni sanin ɗari? Waya ta ce 14, ni jikina ya ce ƙarya ne.

Lawali Monreyal:
Jikinka ya fi wayar gaskiya, Sani. Iska na kwashe ɗumin da ke kan fata. Shi ya sa nan lamba biyu suke bayarwa, ta ma'auni da ta yadda jiki zai ji. In ma'auni ya ce 20 ƙasa da sifili, iska na gudun kilomita 30 a awa, jiki zai ji kamar 33. A irin wannan, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Inna, ku ce masa riguna uku marasa kauri sun fi ƙatuwa ɗaya. Ta ciki kar ta zama auduga, in ya yi gumi takan riƙe ruwa. Hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai tudu wanda ruwa ba ya shiga. Yau ya sayi abinci na kwana uku, ya cika wayarsa da caji.

Hadiza Sabon Gari:
Inna, ku ƙara masa da wannan, kuma ba shi kaɗai ba, har mu nan. Aikin jinya nake, duk hunturu sai an kawo mana mutanen da sanyi bai taɓa su ba, maganin sanyin ne ya kwantar da su. A shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafa da tsumma, a kwanta. Gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Farko ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Bara an kawo mana mai jego da jaririnta da kakar, su uku daga ɗaki ɗaya. Allah ya sa maƙwabciya ta leƙa da asuba. Dangi na ta cewa iska ce ta buge su. E, iska ce, amma ta kasko.

In kuran ya ɗauke masa a can kar ya kuskura ya kunna gawayi ko wani murhu a ɗaki. In kuma yatsa ko kunne ya yi fari ya mutu, kar a murza, kar a kanga a wuta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan likita.

Ibro Tekzas:
Anti Hadiza ta faɗi gaskiya. Ni ganau ne. Fabrairun 2021 ina Hustan, a jihar Tekzas ta Amurka. An yi ta sanarwa kwanaki kafin sanyin ya iso, hasashen bai yi kuskure ba, mu ne muka ɗauke shi wasa don Tekzas garin zafi ce kamar gida. Lantarki ya ɗauke wa gidaje sama da miliyan 4, bututun ruwa suka daskare suka fashe. Daga baya hukumomin jihar suka ƙidaya mutum 246 da suka rasu. Cikinsu har da waɗanda suka kunna mota a gareji a rufe, ko suka shigo da abin gashin nama ɗaki don jin ɗumi. Mu shida muka kwana ɗaki ɗaya da duk bargon da muka mallaka. Shi Bashir ya fi mu sa'a, gidajen Kanada don sanyi aka gina su.

Malam Isufu:
Na bi bayananku, kuma na ƙaru, musamman misalin motar Maradi. Ban ce kar a yi shiri ba, ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Inda na tsaya har yanzu shi ne lafazi. Yaranmu sun koma cewa "gobe za a yi ruwa" kai tsaye, babu in sha Allah, kamar su ke riƙe da makullin. Wannan ba zan daina gyara shi ba.

Mushe Habu:
A nan ba mu da saɓani, Malam. Su kansu masu aikin kashi-kashi suke rubutawa. Masu yaɗawa a Facebook ne ke yanke "wataƙila" su bar lamba mafi girma don a taru a kansu.

Malam Isufu:
Kashi-kashi daban, in sha Allah daban, Mushe. Amma mu bar shi nan, an kira la'asar.

ALHAMIS

Maman Bashir:
Ta fara tun da asubarsu. Ya turo bidiyo, ko motocin da ke bakin titi ba a gani sai tudu-tudu kamar kushewa, Allah ya raba mu. An ce masu kar su je makaranta yau. Na karanta masa duk saƙonninku ta waya, ya ce in gaishe da Yaya Lawali.

Lawali Monreyal:
Ina amsawa. A unguwarmu na auna 30 da ɗan wani abu. Awa biyu na yi da shebur kafin in tono motata. Wanda zai tono tasa ya fara da bututun hayaƙi kafin ya tayar da inji, in ya toshe hayaƙin cikin mota yake komawa.

Sani Kabu-kabu:
Ato! An ce 40 an samu 30. Ina sauran goman?

Hadiza Sabon Gari:
An ce 25 zuwa 40. Kai da ke cewa fasinja "nan da minti biyar" ka zo bayan rabin awa.

JUMA'A

Maman Bashir:
Jama'a ku taya ni addu'a. Tun ɗazu nake kiran wayarsa a kashe. Ya ce mani zai fita masallacin Juma'a, awa uku ke nan babu labari.

Lawali Monreyal:
Inna kar ku tayar da hankalinku tukuna. Yau da safe 24 ƙasa da sifili muka tashi da shi, a irin wannan sanyi batirin waya mutuwa yake ko da caji, in an riƙe ta a waje. Ku turo mani sunan unguwarsu ta akwatina, ba a nan ba. Ina kusa da tashi aiki.

Alhaji Mamman Tanut:
Allah ya sa a ji alheri.

Lawali Monreyal:
Alhamdu lillahi, ga ni ga shi. Lafiyarsa lau. Hoto ya tsaya ɗauka a bakin masallaci waya ta mutu a hannunsa. Hula ya sa, safar hannu ya sa, amma Inna takalmin ƙwallo ne a ƙafarsa, yatsun sun yi sanyi ƙarara sai dai ba su yi fari ba. Na taho da shi gida, uwargida ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Gobe in sha Allah zan kai shi gwanjo mu nemo takalmin kirki.

Maman Bashir:
Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. Ka ce masa kuɗin takalmin da na aika tun Nuwamba ina nan ina jiran bayaninsu.

Mushe Habu:
Barka, Hajiya. Mu kuma namu na tafe. Na duba hoton tauraron ɗan'adam ɗazu, ƙura ta tashi sosai a kwarin Bodele, arewacin Cadi, wajen Faya. In ta tashi haka da iskar arewa maso gabas, yini ɗaya zuwa biyu take yi ta iso mana. Masu asma da masu jarirai su nemi abin rufe hanci kafin Lahadi. In sha Allah, Malam.

Malam Isufu:
Yanzu kuka yi magana.

Sani Kabu-kabu:
Mushe, Asabar ko Lahadi? Ku tsayar mani da ɗaya, yau na wanke babur.